Ga goyo, ga ciki, ga aikin dare: in ajiye aikin asibiti?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni nas ce a wani asibitin gwamnati a Daura, shekarata huɗu da fara aiki. Ina da yaro ɗan shekara ɗaya da wata takwas, ga kuma cikin wata huɗu. Maigidana ya ce in ajiye aikin sai yara sun tasa. Surukata ma ta ce albashin nawa a kuɗin mota da na 'yar raino yake ƙarewa, gara in zauna in kama sana'a a gida yadda suka yi. Gaskiya na gaji, musamman makon aikin dare. Amma ina son aikina. Shin da gaske haihuwa da aikin albashi ba sa haɗuwa? Me kika gani a wajen matan da suka ajiye?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana wanda ke ƙasa.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani. Ko haihuwa da kanta ce ke fitar da mace daga aikin albashi, ta yadda duk dabarar da za ki yi wahalar banza ce. Sannan ko a halin da kike ciki yanzu ya dace ki rubuta takardar murabus. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata na ɓangaren lafiya a jihar nan. Takardun hutun haihuwa, na neman canjin wurin aiki, na murabus, da na masu neman a mayar da su bayan sun ajiye, duk ta teburina suke bi. Da wannan zan amsa miki, tare da abin da na karanta. Shawarata ita ce kada ki ajiye a bana. Gajiyar da kike ji ba raki ba ne, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Sai dai wahala ce ta 'yan shekaru, ita kuwa takardar murabus da zarar an sa mata hannu da wuya a janye ta.

Abin da masu bincike suka gano

A 2023 an ba Claudia Goldin, farfesa a Jami'ar Harvard, lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki, saboda bin diddigin tarihin aikin mata a Amurka na kusan shekara 200. Daga cikin abin da ta nuna, a ƙasashen da mata suka kamo maza a karatu, yawancin ratar samu tsakanin mace da namiji masu sana'a iri ɗaya daga haihuwar fari take farawa. Kafin nan kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Wani masani, Henrik Kleven, shi da abokan aikinsa sun bi bayanan albashin mutanen Denmak na shekaru da dama. Idan aka haifi ɗan fari, samun uba yana ci gaba yadda yake. Na uwa kuwa sai ya faɗi, kuma ko bayan shekara 10 akwai ratar kusan kashi 20 cikin 100 tsakaninsa da na maza. Ta hanya uku abin yake zuwa: wasu su bar aiki ɗungurungum, wasu su rage awanni, wasu su koma aiki mai sauƙi mai ƙaramin albashi. Da suka auna wasu ƙasashen, sai ratar ta kai kusan kashi 30 a Amurka, sama da 40 a Ingila, kusan 60 a Jamus. Ki lura da wannan da kyau. Ciki wata tara ne a Denmak, wata tara ne a Jamus, naƙuda ma ɗaya ce. Ashe ke nan abin da ya ninka ratar sau uku yana wajen tsarin raino da abin da jama'a ke ganin ya dace da uwa. Kleven da abokan aikinsa sun ƙara gwada matan da suka haihu da kansu da waɗanda suka ɗauki riƙon jariri, ba ciki ba shayarwa, sai suka tarar a ƙarshe asarar samun nasu kusan ɗaya ce. Raino ne ke cin aikin, da kuma wanda aka ɗora wa rainon shi kaɗai.

Akwai wani tarko da mutane ke faɗawa. Za a ce ai duba, masu 'ya'ya da yawa ba sa aikin albashi, saboda haka 'ya'yan ne suka hana su. Alhali yarinyar da aka cire daga aji uku na sakandare aka yi mata aure, ko ba ta haihu ba babu takardar da za ta nemi aiki da ita. Rashin karatun ne ya jawo duka biyun, haihuwa da wuri da kuma rashin aiki. Don a raba wannan da wancan, wasu masana biyu a Amurka, Angrist da Evans, a 1998 sun yi wata dabara. Sun lura iyayen da 'ya'yansu biyu na farko jinsi ɗaya ne sun fi neman na uku, kuma tunda mace ko namiji Allah ke bayarwa, ana iya gwada su da sauran iyaye ba son kai. Sun tarar ɗa na uku yana rage aikin uwa, amma bai kai yadda ake zato ba, kuma ragin ya fi ƙanƙanta a wajen mata masu zurfin karatu. Aikin mazan bai ko motsa ba.

Daga baya Kleven ɗin nan ya faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 134, inda wani abu ya fito da ya shafe mu kai tsaye. A ƙasashen da yawancin aiki noma ne da ƙananan sana'o'i, haihuwa ba ta cika raba mace da nema ba. Sai aikin ofis da na masana'anta ya yawaita ratar take buɗewa. A ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ma, auren ne ke fara cire mace daga aiki tun kafin a kai ga goyo.

Iyayenmu mata da kasuwar cikin gida

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Katsina tana haihuwar 'ya'ya 7.3 a matsakaici, mafi yawa a duk Nijeriya, a lokacin da na ƙasa baki ɗaya yake 5.3, na Legas 3.4. Da yawan 'ya'ya ne kaɗai ke hana mace nema, da babu macen Katsina mai ko sisi nata. Amma ki shiga kowane gida a Daura, Sandamu, Zango, Mai'aduwa ko Baure. Wannan tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, waccan tana kirɓa fura, wata ɗinkin hula, wata awara, wata kitso da lalle, wata kuma kiwon awaki take tana zubin adashi. Da goyo a bayansu suke yi.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, nan kusa da birnin Katsina, a 1967, ta yi rubutu a kan cinikin da matan kulle ke yi a cikin gidaje, har da na hatsi, cinikin da baƙo ba zai taɓa gani ba idan kasuwa kawai ya leƙa. A shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi irin wannan nazari a birnin Kano, ta nuna cewa samun matar kulle ya dogara ne a kan yaran da take aika talla da saye. Wato a wancan tsarin 'ya'ya su ne ƙafafun sana'ar. Mai yara da yawa ita ta fi samu.

Saboda haka da surukarki ta ce sun haihu kuma sun yi sana'a, gaskiya ta faɗa, kada ki raina maganarta. Amma ki duba abin da ya sa ya yiwu musu. Aikin a tsakar gida yake. Lokaci a hannunsu yake, idan yaro ya kwana da zazzaɓi yau ba suya, babu mai ba ta takardar tuhuma. Gidan kuma cike yake da hannaye, ga kishiya, ga faccala, ga kaka, ga 'yan mata. Akwai kuma farashin da aka biya wanda ba a cika faɗa ba: yarinyar da ke ɗauke da farantin talla da hantsi ba ta cikin aji. Tun da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ake wannan ja-in-ja tsakanin talla da makaranta, har gobe ba a gama ba.

Ke kuwa aikinki yana da agogo, yana da wuri, kuma ba a shiga ɗakin majinyata da goyo. Wataƙila ma a gidan ku biyu kuke, ke da maigida, kamar yawancin ma'aurata 'yan boko yanzu. Kin sami aiki irin na zamani, kin rasa hannayen gidan gandu, kuma ba a samar miki abin da zai maye gurbinsu ba. Nan matsalarki take, kuma matsala ce da ake iya gyarawa.

Lissafin wata ɗaya da lissafin shekara talatin

A wannan watan, lissafin surukarki zai iya zama daidai. Ki cire kuɗin Napep, ki cire na mai raino, ki cire abincin da kike saya saboda ba ki sami girki ba, abin da ya rage ba zai burge kowa ba. Amma ma'aikacin gwamnati shekara 35 yake yi, ko ya cika shekara 60 da haihuwa. Ke kin yi huɗu. Kuɗin raino zai ƙare ranar da autanki ya shiga makaranta, albashi kuwa hawa yake yi. A matakan tsakiya ƙarin girma duk shekara 3 ne bisa ƙa'ida, ko da yake yakan yi jinkiri. Shekara shida a gida matakai biyu ke nan suka wuce ki, idan ma an sake ɗaukar ki.

Wannan "idan" ɗin shi ne abin da ya fi damuna. Na karɓi mata da yawa da suka ajiye da niyyar "sai yara sun tasa". Yaran sun tasa, an sami wasu a bayansu, shekara bakwai ko takwas ta wuce. Ta zo da takardunta a leda, a ce mata an dakatar da ɗaukar ma'aikata, ko guraben sun cika. Mai sa'a ta sami aikin wucin gadi da ɗan alawus, a ƙarƙashin wadda ita ta koya wa sa allura. Lasisinta na Majalisar Nas-nas da Ungozoma ya daɗe da ƙarewa, ba ta halarci bitar da ake buƙata kafin sabuntawa ba, hannunta ya yi sanyi, ita kanta tana shakkar kanta. Wasu cikinsu ba marmari ne ya dawo da su ba. Mijin ya rasu, ko auren ya mutu, ko kasuwarsa ta karye, ko an ƙaro mata biyu abin hannun nasa ya rabu uku. Ba fata nake miki ba, Allah Ya tsare. Amma duk wadda ta zauna a kujerata ta ga waɗannan fuskokin, ba za ta iya ɓoye miki ba.

Ga batun fansho. A tsohon tsari sai ma'aikaci ya cika shekara 5 yake da garatuti, shekara 10 yake da fansho, kin ga mai shekara huɗu hannu rabbana za ta fita. A tsarin asusu na dokar 2014 kuwa, ma'aikaci yana zuba kashi 8 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, kuma ranar da albashi ya tsaya zubin ya tsaya. Ki tambaya a ofishinku wanne ya shafe ki. Ko wanne ne, ajiye aiki a shekara ta huɗu saboda wahalar goyo tamkar sayar da gona ne don damina ɗaya ta yi gardama.

Wani abu da na lura da shi, wanda binciken Turawa ba zai nuna miki ba saboda su a makare suke haihuwa: matanmu da wuri suke farawa, da wuri suke gamawa. Wadda ta daure, tana kai shekara arba'in da 'yan kai za ki ga autanta yana firamare, manyan suna taya ta aikin gida, ga kusan shekara ashirin na aiki a gabanta. Su ne suke zama shugabannin ɗakunan haihuwa, su ne malamai a makarantun koyon aikin lafiya irin na Daura da Kankiya da Malumfashi. Idan kika tambaye su, kowace za ta ba ki labarin shekarun da ta yi kuka a kan hanyar zuwa aikin dare.

Sana'ar gida ba abin rainawa ba ce. Na san masu turaren wuta da humra da ɗinki da suka fi ni samu nesa ba kusa ba. Amma tana buƙatar jari, tana buƙatar haƙurin shekara ɗaya ko biyu kafin ta tsaya, kuma mai jego da ɗan yaye a gefe ba ta da wannan sukunin. Ga 'yan bashi na dangi da maƙwabta da ke karya jarin mace tun bai yi ƙwari ba. Idan kina sha'awarta, ki fara kaɗan-kaɗan albashinki na shigowa.

Haƙƙin da doka ta ba ki

Mata da yawa suna ajiye aiki ba su taɓa karanta ƙa'idojin aikinsu ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 54, ta ba mace mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ta hana a kore ta saboda wannan hutun. Wannan shi ne mafi ƙaranci, ya fi shafar ƙananan ma'aikata na wurare masu zaman kansu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000, mako 14 ta sa a matsayin mafi ƙaranci. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna da mako 16 da cikakken albashi, sannan bayan komawa ana ɗauke wa mai shayarwa awa biyu kullum har wata shida. A 2021 an amince wa mazan ma'aikatan tarayya hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Legas tun 2014, Kaduna kuma a 2019, sun kai hutun haihuwa wata shida.

Ban ga fayil ɗinki ba, kuma ƙa'idar ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma da na tarayya sukan bambanta. Ki je ofishin mulki na asibitinku ki ce a nuna miki a rubuce: kwana nawa ne hutun haihuwarki, awa nawa ake ɗauke wa mai shayarwa, da sharuɗɗan hutu ba albashi. Kada ki tsaya a kan "an ce".

Sannan ki san darajarki. A ƙasar nan akwai mazan da har yanzu ba sa barin namiji ya duba matansu, akwai matan da gara su haihu a gida da su kwanta gaban namiji. Ƙarancin mata ma'aikatan lafiya ne ya sa Birtaniya ta ɗauki nauyin wani shiri daga 2012 a Katsina, Kano, Jigawa, Zamfara da Yobe don horar da 'yan mata aikin nas da ungozoma. Shugabar nas-nas mai hankali ta fi son ta gyara miki jadawali da ta rasa ki gaba ɗaya. Ki nemi a cire ki daga aikin dare a ƙarshen ciki da watannin shayarwa, da takardar likita. Ki nemi a mayar da ke sashen da ake tashi da rana, kamar awon ciki ko rigakafi ko ɗakin ganin marasa lafiya na waje. Ki rubuta, ki ajiye kwafi. Roƙon baki a baranda mantawa ake yi da shi. Kuma idan an yi miki alfarma, ki riƙa rama wa abokan aikinki da suka ɗauki darenki, domin su ma suna da gidaje, gobe kuma ke za ki ɗauki na wata.

Wa zai riƙe yaran

Duk wadda na ga ta haye waɗannan shekarun, akwai hannu na biyu a bayanta. Mafi kwanciyar hankali shi ne kaka, taki ko tasa. Tunda surukarki ta damu da kuɗin da ke tafiya wajen raino, ki je ki durƙusa ki ce, "Hajiya, ni dai jikanki nake so ya tashi a hannunki, ba a hannun bare ba." Tsofaffi da yawa adawarsu da aikin suruka daga jin an ware su take tasowa. Idan ta karɓa, ki san hidima ce take miki, ki riƙa kyautata mata duk wata ba sai ta tambaya ba, kuma ki lura da ƙarfinta, don ɗan shekara biyu yana gajiyar da mai jini a jika ma. Wasu na gani sun haɗa kai su uku ko huɗu a asibiti ɗaya, suka ɗauki dattijuwa guda suna biyan ta tare, a wani ɗaki kusa da wurin aiki, kowace ta fito ta shayar ta koma. Wannan ya fi komai sauƙaƙa shayar da nono zalla na wata shida, wanda ke da kanki kike koya wa mata a asibiti.

Batun 'yar raino kuwa, a nan zan ɗan tsaya, don yana ci mini rai. Abin da aka saba shi ne a ɗauko yarinya 'yar shekara tara ko goma daga ƙauye, a ɗora mata jariri, a kulle gida a tafi aiki. Na farko, yarinya ce ke rainon yaro, ba ta san abin yi ba idan ya shaƙe ko ya faɗa ruwan zafi. Na biyu, ke kin tsira da aikinki ne saboda wani ya bar ki kin yi karatu, sai ga shi an sayi aikin naki da karatun 'yar wani. Shekara goma nan gaba ita ce za a aurar ba ta iya rubuta sunanta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatu har aji uku na ƙaramar sakandare, ba ta ware 'yar aiki ba. Idan dole sai kin ɗauki wata, ki nemi babbar mace, bazawara ko dattijuwa mai buƙata, ki biya ta abin da ke kanki ba za ki ji kunyar faɗa ba. Idan kuma 'yar dangi ce aka ba ki riƙo, ta je makarantar boko da Islamiyya yadda naki za su je, ta taya ki bayan ta dawo.

Sai tazara. Abin da na gani yana karya mata ba yawan 'ya'ya ba ne kamar kusancinsu, wato goyo biyu a lokaci ɗaya, wanda ba a yaye ba da wanda ke hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da Alƙur'ani ya ambata. Wannan cikin ya riga ya samu, alheri ne, Allah Ya inganta. Na gaba ne za ku zauna ku tattauna ke da shi, kin kuma fi ni sanin hanyoyin.

Maganar maigida

Kada ki mayar da shi abokin gaba. Namijin da ya ce ki ajiye, sau da yawa abin da yake gani shi ne matarsa tana ramewa, ɗansa yana kuka da dare, ga gorin 'yan'uwa cewa ya kasa riƙe gida. Ki tambaye shi a natse, a lokacin da ba a cikin faɗa kuke ba, mene ne ainihin abin da ya fi damunsa. Idan aikin dare ne, ga hanyar cire shi. Idan mai raino ce bai yarda da ita ba, a canza. Idan hanya ce, a nemi a dawo da ke kusa da gida. Da wuya ki tarar aikin ne gaba ɗaya ba ya so.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, hukuncin fitar mace da izinin miji da sharaɗin da aka yi kafin aure na malamai ne, ku kai musu idan ta kama. Amma akwai ayoyin da duk muka karanta. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta, mata ma suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta. Aya ta 233 a Baƙara, wadda ta ambaci shekara biyun shayarwa, ita ce kuma ta ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, ta ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada a cutar da uba saboda ɗansa, ta sa yaye a kan yardar juna da shawara, ta kuma halatta a nemi wata ta shayar a biya ta. Kin ga ɗaukar mai taya raino ba baƙon abu ba ne a addini, kuma kuɗinsa bai kamata a lissafa shi a kan albashinki ke kaɗai ba, tunda yaran na ku biyu ne.

Ki roƙe shi abubuwa ƙanana da za a iya gani: ya kai babban wajen kaka da safe, ya kwana da shi ranar da kike aiki, ya yarda a sayi abinci ko a ci ɗumame ranar da kika dawo a gajiye. Sannan ku sa wa'adi. Ki ce, "Ka ba ni zuwa wata shida bayan na koma daga hutu. Idan ka ga yaran sun tagayyara, mu sake zama." Namiji ya fi saurin amincewa da gwaji mai iyaka a kan gardamar da ba ta da ƙarshe.

Inda zan ce ki dakata

Akwai halin da ni da kaina zan ce ki zauna a gida. Idan likita ya ce cikin yana da haɗari, ko hawan jini ya taso. Idan aka haifi bakwaini ko yaro mai lalurar da ke buƙatar uwa kusa, kamar sikila mai yawan tashi. Idan aka tura ki inda hanya ba tsaro kuma an ƙi canza miki. Idan kika ji baƙin ciki ya lulluɓe ki bayan haihuwa, ba barci ba cin abinci, wannan ciwo ne da ake magani, ba a daure masa. Kuma da a ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi kike, albashin bai kai mafi ƙarancin naira 70,000 da aka sa a 2024 ba, ba fansho ba ƙarin girma, da lissafin ya canza, don abin da za ki rasa kaɗan ne. Yawancin abin da na gani a aikin gwamnati na gan shi, a nan maganata ta fi ƙarfi.

Ko a irin waɗannan halaye, hutu ba albashi za ki fara nema, na wata shida ko shekara, a rubuce, ta hannun shugabar sashenku, kuma kada ki daina zuwa sai takardar amincewa ta fito, domin wanda ya ɓace ba izini korar sa ake yi, korarre kuwa ya fi mai murabus wahalar dawowa. Ki ci gaba da sabunta lasisinki ko kina gida, ki halarci bita idan ta samu. Yanzu da cikin yake wata huɗu kina da lokaci: a wannan watan ki karɓo ƙa'idojin hutun, ki shigar da takardar neman canjin jadawali, ki kuma je wajen Hajiya da maganar raino tun kafin a shiga hidimar suna da wankan jego.